Tafiya da keken guragu a jirgin Shinkansen daga Tokyo zuwa Osaka

Yayana ya shafe shekaru yana amfani da keken guragu, kuma abin da ya fi ɓata masa rai a kowace tafiya shi ne a ciccibe shi kamar kaya a gaban jama'a. Da wannan ma'auni na auna jirgin ƙasa mai tsananin gudu na Japan, wato Shinkansen, lokacin da muka bi layin Tokaido daga Tokyo zuwa tashar Shin-Osaka, tafiyar kilomita 515 da jirgin Nozomi, mafi sauri a layin, yake cinyewa cikin kimanin awa biyu da rabi.

Tun daga ƙofar shiga muka nuna tikiti, sai wani ma'aikaci ya tambaye mu inda za mu sauka, ya raka mu ta lif har zuwa dandamalin da jirgi yake tsayawa. Yana riƙe da wani allo mai naɗewa, wanda ya shimfiɗa tsakanin dandamali da ƙofar tarago na 11, yayana ya tura kekensa ya shiga da kansa. Abin da ya fi burge ni shi ne tun kafin jirgi ya tashi an sanar da tashar da za mu sauka lambar jirginmu da taragonmu, saboda haka muna isa muka tarar da wani ma'aikacin tsaye daidai bakin ƙofar da nasa allon. A jirgin da ba ya daɗewa a tasha, wannan shiri shi ne yake raba mutum da fargabar a wuce da shi.

Jirgin da muka samu samfurin N700S ne, mai gurbin keken guragu shida a tarago na 11, wasunsu a jikin taga. Yayana bai bar kekensa ba har muka isa, yana kallon garuruwa da gonakin shinkafa kamar kowane fasinja, kuma na ga yadda hakan ya sanyaya masa zuciya. Kusa da wurin akwai makewayi mai faɗi da keke yake iya shiga, da wani ƙaramin ɗaki da ake ba wanda dogon zama yake yi wa wuya fifiko a kansa.

Waɗannan gurabe shida ba su daɗe da samuwa ba. A da biyu ne kawai a jirgi mai tarago 16 da kujeru 1,323, kuma babban keke yakan tokare hanyar wucewa. A watan Disamba na 2019 'yar majalisar dattawa Eiko Kimura, wadda ita ma da keke mai lantarki take yawo, ta kai kuka gaban majalisa, a shekarar 2020 kuma ma'aikatar sufuri ta sauya ƙa'ida, aka wajabta gurbi shida ga sababbin jirage masu kujeru fiye da 1,000. Layin da aka buɗe tun 1964 bai kamata ya jira har zuwa lokacin ba.

Akwai sauran gyara a ganina. Tsofaffin jirage da suke kan layin ba su da wannan sabon tsari, don haka wajibi ne mai keke ya tabbatar da samfurin jirgi kafin ya yanki tikiti. Akwai kuma iyakar girma, domin keken da ya wuce faɗin santimita 70 ko tsawon santimita 120 yana iya fuskantar matsala, alhali masu irin wannan keke su ne suka fi bukatar taimako. Wanda zai yi tafiyar ya auna kekensa tun daga gida, ya kama gurbi da wuri, ya kuma isa tasha da sauran lokaci, saboda tashar Tokyo tana da girma da cunkoso, kuma hanyar lif takan fi ta matakala nisa.