Shekara biyu da hannun jarin Apple: abin da na gani

Tun farkon 2023 nake zuba ɗan abin da ya samu a hannun jarin Apple, kamfanin da ke ƙera wayar iPhone, ta wata manhaja da ke ba mutum damar saye a kasuwar Nasdaq ta Amurka yana zaune a gida. Kuɗina ba sa kaiwa cikakken hannu ɗaya a lokaci guda, sai dai in sayi gutsure, na dala goma wannan wata, na ashirin wata mai zuwa. Wannan sauƙin ne ya riƙe ni.

Wanda ke jiran ribar da ake rabawa ya rage buri. Apple na biya sau huɗu a shekara, Fabrairu, Mayu, Agusta da Nuwamba, kuma a 2024 kowane biya ya kai santi 25 na dala kan kowane hannu. Kafin ta iso, gwamnatin Amurka ta cire kashi 30 cikin ɗari na haraji, tunda babu yarjejeniyar haraji tsakaninta da Najeriya. Abin da ya rage bai kai kuɗin shayi ba. Amfanin yana cikin tashin farashi, shi kuwa sai da haƙuri. Na ga watannin da ya faɗi har zuciyata ta ce in sayar, ban sayar ba.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne takardun lamunin kamfanin. Mai hannun jari yana da rabo a kamfani, riba da asara duk nasa ne. Mai takardar lamuni bashi ya ba kamfanin, ana biyan sa kuɗin ruwa da aka yanke tun farko, a mayar masa da uwar kuɗinsa ranar wa'adi. A 2013 Apple ya ci bashin dala biliyan 17 ta wannan hanya, duk da tarin kuɗin da yake da su, saboda akasarinsu na ƙasashen waje kuma dawo da su gida zai ja haraji mai nauyi. Na san lamunin ya fi kwanciyar hankali, amma kuɗin ruwa ne ƙarara, wanda addini ya hana, shi ya sa ban taɓa shi ba. Hannun jarin ma sai da na tambayi wani malami. Ya ce a duba sana'ar kamfani, a kuma ga ko bashin ruwan da ke kansa bai kai kashi 30 na darajarsa a kasuwa ba. Na Apple yana ƙasa da haka sosai. Ya ƙara da cewa in riƙa fitar da ɗan kaso daga ribar in ba mabuƙata, saboda kuɗin ruwan da kamfanin ke samu daga ajiyarsa.

Manhajar ce ta ɓata min rai sau ɗaya: na nemi cire kuɗi, aka yi kwana tara kafin su shigo asusuna, canjin da suka yi min na dala zuwa naira kuma ya gaza na kasuwa. Yanzu kuɗin da na san ba zan buƙata nan kusa ba kaɗai nake sakawa.