Fenti da sitikar jiragen yaƙin duniya na ɗaya da na yi oda, ga yadda muka kwashe

Wata biyu kenan da kayan nan suka iso, ƙananan kwalaben fenti shida da takardar sitika biyu irin wadda ake jiƙawa a ruwa, daga wajen wani mai sayar da kayan ƙananan jiragen kwaikwayo da ake haɗawa da hannu a Legas, na je tashar Bauchi Road na karɓa, kuɗin mota ma ya kusa kamo rabin kuɗin kayan amma dai a bar wannan maganar.

Kala biyu ne suka sa na saya. Jiragen 1914 zuwa 1918 yawancinsu katako ne aka lulluɓe da yadin lilin, sai a shafe shi da wani ruwa da ake ce wa dop, shi ke sa yadin ya ɗame kamar fatar kalangu kuma ruwa ba ya ratsa shi. To kalar yadin nan ba fari ba ne fat, kamar akoko yake, da ɗan ruwan ɗorawa kaɗan, shekara nawa ina haɗa fari da rawaya da kaina kullum sai ya fito kamar kunun gyaɗa. Wannan kuwa daga kwalba kawai na shafa a ƙasan fikafikan Sopwith Camel ɗina, jirgin yaƙin Ingila, mai sikeli 1/48, wato an rage girman na gaske sau 48, wallahi ya zauna, musamman da na fara ja layin haƙarƙarin fiffiken da fensir sannan na bi da shafi mara kauri, sai ka ga kamar haske ne ke ratsa yadin.

Na biyu shi ne PC10, wanda 'yan Ingila suka fara shafa wa saman jiragensu a 1916, asalinsa ƙasa ce mai ruwan ɗorawa aka gauraya da baƙin kunkunniya, shi ya sa har gobe ana musu ko kore ne ko ruwan ƙasa. Wanda na saya ya karkata wajen ruwan ƙasa, ni kuma hakan ya fi kwanta min. Sai dai sanyin Jos da iskar hunturu, fentin ruwa ne, kafin ka kai burushi ƙarshen fiffike ya bushe a hannunka, dole na koma yi da daddare da kwanon ruwa a gefe, in gama in kife roba a kai saboda ƙura.

Sitikar ce ta ba ni ciwon kai. Jamusawa daga 1917 yadi suke bugawa da 'yan kusurwoyi kala huɗu ko biyar kamar atamfa, maimakon su ƙara wa jirgi nauyin fenti, sitikar wannan zanen na saya domin Fokker D.VII ɗina, jirgin yaƙin Jamus. Zanen ya yi kyau ba ƙarya, amma takardar tana da kauri, ba ta bin lanƙwasar bakin fiffike, kuma ta farkon da na jiƙa a ruwan sanyi tsagewa ta yi gida uku a kan yatsana. Sai da ruwan ɗumi ta yarda. Siraran kirtanin da ke bin kan haƙarƙari ma ba a yanka su ba, ɗaya bayan ɗaya na bi da reza har wuyana ya ƙage. Na dai yaba musu da suka sako miƙaƙƙen gicciye, tambarin da Jamus ta koma sa wa jiragenta a 1918, ba tsohon mai faɗin baki ba, shi ne ya dace da nawa.

Da na gama ɗan ƙanwata ya leƙo ya ce "Kawu, wannan jirgin ankon biki ya yi ne?"

Fentin zan sake saya in ya ƙare. Sitikar kuwa duk mai so ya sayi uku, don ɗaya ta gwaji ce, ni ma ragowar tawa ba za ta kai jela ba sai na ƙara oda.