Mamatsin bakin kwanso mai zoben kabayid: ya burge ni, sannan ya ɓata mini harsashi 200

Abin da ya kai ni ga sayen wannan mamatsi, wato ƙarfen da ake ɗaura wa injin ɗura harsashi don ya matse bakin kwanson harsashi, shi ne gardamar da harsasan 9mm da nake sake ɗurawa suka riƙa yi mini. A cikin kowane hamsin sai biyu ko uku sun ƙi zama daidai a bututun bindiga, murfin bindigar mai zamewa ya tsaya bai ƙarasa rufewa ba. A da mamatsi guda ɗaya nake amfani da shi wajen zaunar da kan harsashi da kuma rufe bakin kwanson da aka ɗan buɗa, duka a dannawa guda. Sai masu dogon hannu a harkar suka ce in raba aikin biyu, in nemi mamatsi na daban, irin mai zoben kabayid (wani abu mai tsananin tauri) a gindi wanda ke sake daidaita jikin kwanson yayin da yake shiga da fita.

Gaskiya makon farko na ji daɗi sosai. Saita shi bai ɗauke ni minti goma ba. Na yi ta juya kansa kaɗan-kaɗan ina aunawa har bakin kwanson ya dawo inci 0.377, na tsaya nan, tunda 9mm da bakin kwansonsa yake tokarewa a cikin bututu, idan ka lanƙwasa bakin ciki irin yadda ake yi wa .38 Special ko .357 Magnum na bindiga mai juyawa, ka ɓata wurin tsayawarsa. Na kwance bututun na riƙa jefa harsasan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya faɗa da ƙararsa, in na kifa ya zubo da kansa. Ɗari uku, ko ɗaya bai maƙale ba. Har na fara yi wa abokan harbi tallarsa.

Ashe duk waɗancan kawunansu masu rigar jan ƙarfe ne, kaurinsu inci 0.355. Matsalar ta fito ranar da na koma kan harsasan dalma, waɗanda da gangan ake yin su 0.356 don su cika bututu su toshe hanyar iska mai zafi. Tun a hannu na ji alama. Duk sanda na ja hannun injin sai in ji wani tauri a daidai zoben, shiga da fita, kamar ana tura ƙafa cikin takalmin da ya yi kaɗan. Na ɗauka aikinsa ke nan yake yi, na ci gaba har na gama 200.

A filin harbi ne raina ya ɓaci. A nisan mita 25, inda na saba tara harbi wuri ɗaya, sai ga ramuka sun watse a takarda, wasu ma ba zagayayyu ba ne, dogaye ne, alamar kan harsashin a karkace ya isa. Da na leƙa bututun bayan harbi talatin kacal, dalma ta yi masa shafe tun daga farko. Daren nan na kai kusan awa biyu ina gogewa. Washegari na zare kawunan guda goma na auna, abin da ya shiga 0.356 ya fito 0.354, wani ma bai kai ba. Zoben ya matse kwanson tare da dalmar da ke ciki. Tagullar kwanso in an matsa ta tana ɗan komawa, dalma kuwa inda aka kai ta nan take zama. Don haka kan ya rame, riƙon da kwanson ke yi masa ya yi sako-sako, har guda biyu na iya tura su ciki da ɗan yatsa a jikin tebur. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin kan harsashi in ya nutse cikin ƙaramin kwanso irin na 9mm, matsin wuta hawa yake yi ba kaɗan ba. Sauran 170 ɗin duk sai da na warware su da gudumar zare kan harsashi, ɗaya-ɗaya, kwana uku ina yi.

Abin da ya fi ci mini rai, da na san haka tun farko da ban yi asarar nan ba. Layi ɗaya na gargaɗi game da dalma mai kauri da ya isa. Kuma daga baya na gano asalin maƙalewar da ta sa na saye shi, kawunan ne ke zama a ɗan karkace saboda ban buɗa bakin kwanson isasshe ba. Zoben bai gyara wannan ba, lulluɓe shi kawai ya yi.

Ban yar da shi ba dai. Ga masu rigar jan ƙarfe, musamman da kwansunan da na tsinto masu kauri daban-daban, har yanzu yana kan injin kuma yana yi mini aiki. Na dalma kuwa na sayo musu mamatsi marar zobe, wanda bakin kawai yake kwantarwa, kuma tun daga lokacin nake zare kai ɗaya in auna kafin in ci gaba da sauran.