Dafa masara a tukunyar firesha ta lantarki: minti 3 ba lissafin masararmu ba ne

Takardar da ta zo cikin kwalin tukunyata ta ce masara minti 3 kawai take bukata. Wanda ya rubuta haka bai taɓa cin masarar da ake saukewa a Kasuwar Kawo da ke Kaduna ba. Masarar da yake nufi irin ta Amurka ce mai zaƙi, wadda ake cirewa tun tana jaririya, fatar ƙwayarta sirara, ko ɗanya ma ana iya gatsa. Tamu kuwa masarar gona ce, fara ko ja, irin wadda ake nomawa a Saminaka da Giwa da Soba don tuwo da koko da abincin kaji, sai dai a karyo wani kaso tun tana ɗanya a kawo mana birni mu dafa. Ko irin SAMMAZ da cibiyar binciken noma ta Samaru ke fitarwa, akasarinsu don hatsi aka yi su. Duk wadda ta ba irin wannan masara minti 3, za ta buɗe murfi ta tarar da ita garas-garas, ta ce tukunya ba ta aiki, alhali tukunya ba ta da laifi.

Tawa mai cin lita 6 ce, tana jan wuta wat 1000, na saye ta a wani shago da ke kan titin Ahmadu Bello. Wake da ganda da ƙafar saniya ne suka sa na saye ta, don su ne ke cinye mini gas. Masara daga baya ta shigo, da damina ta kankama, mata suka fara jera ta a bakin titi tun daga Mando har Unguwar Rimi. Kafin in wuce, wadda za ta sayi ta hannu a wurin 'yan gwanjo ta juya gindinta ta karanta. Wutarmu 220 zuwa 240 ce, wadda aka yi don Amurka kuma 110 zuwa 120 take ɗauka. Kina jona ta kai tsaye kin yi asarar kuɗinki.

Rabin aikin tun a wurin saye ake gama shi. Nakan yaye ɓawon kaɗan daga sama, in sa farce in danna ƙwaya ɗaya ta tsakiya. In ta fashe ta feso farin ruwa kamar nono, wannan sabuwa ce. In farcen ya shiga da ƙyar, abin da ya fito ya yi kauri, ta fara ƙosawa. In kuwa saman ƙwayar ya loɓa ciki, farce ya ƙi shiga, wannan ta gashi ce ko ta niƙa. Ɓawon ya zama kore shar, gemun kuma da ɗan danshi. Dattijon da nake saye a wurinsa ba ya son wannan bincike nawa. "Hajiya, kin huda min kaya kaf, wa zai sayi sauran?" Nakan ce, "Baba, yi haƙuri, duk wadda na huda ai tawa ce." Dalilin nacin shi ne masara tana barin jikin kara zaƙinta ke fara komawa gari, shi ya sa wadda ta kwana biyu a buhu ba ta kama ƙafar ta safiyar yau.

Yadda nake yi ba wuya. Ina zuba ruwa kofi ɗaya da rabi a cikin tukunyar, in ɗora ɗan ƙarfen nan mai ƙafafu da ke zuwa tare da ita, in jera masara a kai yadda ba za ta taɓa ruwa ba. Nakan bar mata ɓawon ciki guda biyu ko uku, waɗanda suka fi laushi, saboda ƙamshin dafaffiyar masara da muka sani tun muna yara daga ɓawon nan yake fitowa. Dogayen sai an karya su biyu, in ba haka ba murfi ba zai zauna ba. Sai a rufe, a tabbata ɗan makunnin tururi yana wajen rufewa, a danna lokaci.

A tawa tukunyar, sabuwa mai nono minti 10 zuwa 12 ya ishe ta. Wadda ta fara ƙosawa tana son 18 zuwa 20, kuma ita nakan nutsar da ita cikin ruwan gishiri maimakon in ɗora ta a kan ƙarfe, don ƙwayar ta sha ruwa ta kumbura. Sai dai kada lambar da ke jikin allon ta ruɗe ki. Agogon ba ya fara ƙirga sai tururi ya cika tukunya, wannan kuma yakan ci kusan minti 10, ya fi haka in ruwan da yawa ne ko wutar ba ƙarfi. Idan ta gama ina barin ta minti biyar kafin in saki sauran tururin. Gaba ɗaya dai ki ware rabin awa ko ɗan fiye da haka. A kan gas, irin wannan masara takan kai ni kusan awa guda ina ƙara ruwa ina leƙe.

Abin da ke jawo saurin shi ne ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 komai ƙarfin wutar da aka hura masa, amma a wannan da tururi ba shi da mafita zafin yakan kai wajen 115. Abin da ya fi burge ni kuwa ɗanɗano ne. Masarar da aka tafasa a tukunya cike da ruwa, wani kaso na zaƙinta a ruwan yake tafiya, a zubar da shi a kwata. Wadda tururi ya dafa tana riƙe da kayanta. Ƙwayoyin sukan fito a cike suna sheƙi, kina gatsa suna ɓallowa daga totuwa layi-layi ba tare da sun maƙale a haƙori ba. Surukata, wadda ba ta yarda da duk girkin da ba a ga wutarsa ba, ta ci ɗaya da ɓarin kwakwa ta ce, "'Yar nan, sukari kika sa?" Na ce, "Wallahi Mama ko gishiri ban sa ba." Ta miƙo hannu ta ɗauki ta biyu, amma har yau tana nan a kan bakanta cewa ta itace ta fi ƙamshi. A nan ban yi mata musu ba, ƙamshin hayaƙi babu shi a wannan tukunya.

Gishiri shi ne inda dafuwar tururi ta gaza. Tunda masarar ba ta cikin ruwa, ba ta ɗaukar gishiri. Nakan jiƙa ɗan gishiri a kofi in shafa mata tana fitowa da zafinta, yara kuma man shanu suke so.

Sai maganar wuta, wadda a Kaduna ita ce ke yanke hukunci a kan kowane kayan lantarki. Ta fuskar kuɗi tukunyar ba ta da ci. Na duba mita kafin da bayan dahuwa, abin da ta ja bai kai rabin yunit ba, domin da zarar tururi ya cika sai ta riƙa kashe kanta tana kunnawa. Ko ga 'yan layin Band A, wato waɗanda suka fi biyan kuɗin wuta da tsada, da aka mayar musu da yunit sama da naira 200 a Afrilun 2024, a wannan farashi abin wajen naira ɗari ne kawai. Matsalar ita ce a ɗauke wuta ana tsaka da aiki. Tawa ba ta ci gaba daga inda ta tsaya, sai an sake saita ta, murfin kuma yakan kulle har sai tururi ya sauka. In ta riga ta ɗauki zafi kafin a ɗauke, nakan ƙyale ta a rufe minti 20, sau da yawa zafin ciki yakan ƙarasa sabuwar masara. In tun farko aka ɗauke, sai komawa gas. Ƙaramin janareta kuwa kada ma a gwada, ba zai ja ta ba, inbata ma sai mai ƙarfi.

Cikinta ma bai da yawa. Manya biyar ko shida take ɗauka, ya ishi ƙaramin gida, amma mai dafawa don talla ko gidan da ake da yara goma gara ta riƙe babbar tukunyarta da gawayi. Ba kuma zan ce wa kowa ta sayi wannan tukunya don masara kaɗai ba, abin da lokacinsa 'yan watanni ne a shekara. In dai kina da ita don wake da nama, to masara riba ce.

A kula da tururin da ke fita lokacin sakewa, yana tashi da ƙarfi, yana ƙuna fiye da ruwan zafi. Da bayan ludayi nake tura makunnin, kuma ba na ajiye ta ƙarƙashin kabad ɗin katako. Robar da ke zagaye da murfin tana riƙe wari sosai. In an yi farfesun kayan ciki jiya, yau masara za ta fito da ƙamshin tafarnuwa da daddawa, ko da an wanke robar da sabulu. Na sayi roba ta biyu a shagon da na sayi tukunyar, na ware ta don masara da dafaffiyar gyaɗa da dankali, ɗayar kuma ta miya da nama.