Hattara da mai na'urar "duba tsutsar ciki" a unguwanninmu na Kumasi

Jama'ar Zango, musamman iyaye mata, akwai wani mutum da ke yawo tsakanin Aboabo, Asawase da Alabar da 'yar jaka da wata na'ura mai haɗe da waya. Zai ce yaro ya damƙe wani ƙarfe, kafin minti ɗaya ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, cikin nan cike yake da tsutsa." Kowa ya damƙe ƙarfen, amsar ke nan. Sai ya nuna miki macijin ciki a kwalba don hankalinki ya tashi, ya ciro magani a gorar roba, babu suna, babu lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna.

Yayata ta ba shi sidi 150 saboda ɗanta mai shekara 4. Kwana biyu yaron yana zawo. Ta kira mutumin, ya ce ai tsutsar ce ke fita, ta ƙara cokali. Majinar hanji ce kawai take gani. Da muka kai shi asibiti idanunsa sun faɗa, sai da aka yi masa ƙarin ruwa. Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

Ba a gane tsutsa ta tafin hannu. Bayan gida ake kaiwa a duba ƙwanta a ɗakin gwaji. Maganin kuma sananne ne, albendazole ko mebendazole, kuɗinsa bai kai kusa da abin da ya karɓa ba. Albendazole ƙwaya ɗaya ce mai miligiram 400, a tauna sau ɗaya. Yaro daga shekara 1 zuwa 2 rabi ake ba shi, mai ciki kuma ba ta sha a wata 3 na farko. Shi ya sa ake tambayar nas ko kantin magani mai lasisi.

Tsutsar kanta gaskiya ce, ban ce a yi sakaci ba. Ƙwan macijin ciki ta hannu mai datti da latas ko kabejin da ba a wanke ba yake shiga. Akwai kuma wadda ke huda tafin ƙafar yaro mai yawo ba takalmi, ta riƙa shan jininsa har ya yi fari.

In mai na'urar ya shigo gidanku, kada a ba yaro ko ɗigon maganinsa. A ajiye gorar, a kai ofishin FDA na Kumasi. Lambar da ya ba Yaya tun ranar a kashe take.