Na'urar hasashen THM a ruwan sha: wacce ya kamata ka saya?

Duk mai zuba kulorin a ruwan sha ya kamata ya san ba ƙwayoyin cuta kaɗai yake kashewa ba, yana haɗuwa da ruɓaɓɓen ganye da dattin tsirrai da suka narke a ruwan sai ya haifar da wasu sinadarai da ba a so, manyansu THM (trihalomethanes) da HAA (haloacetic acids). Tun 1974 wani masanin sinadarai, Johannes Rook, ya gano haka a ruwan birnin Rotterdam na ƙasar Holland. A Amurka iyakar THM maikurogiram 80 ce a lita, HAA kuma 60, Tarayyar Turai ta tsayar da THM a 100. To me za ka saya ya nuna maka matsala tun kafin ruwa ya bar tanki?

Ni dai mitar UV254 ce tawa, ba ɓoye-ɓoye. Ba THM ɗin take aunawa ba fa, abin da ke haifar da shi take gani. Ka tace ruwan da matacin 0.45 maikuron, ka zuba a 'yar kwalbarta, ta haska masa haske mai tsawon zango 254 nanomita, iya hasken da ruwan ya shanye iya yawan wancan narkakken datti. Cikin 'yan mintuna ka gama, babu sinadarin da za ka riƙa saye kullum. In ka ga lamba ta yi sama bayan ruwan sama, ka san ka gyara yawan alum ɗinka, wanda ke kwantar da dattin, kafin ka kai ga kulorin. Amma ka riƙa rubuta pH (ma'aunin tsamin ruwa, yana hawa in tsami ya ragu) da zafin ruwa da awannin da yake kwana a bututu, don THM na ƙaruwa da zafi, da daɗewa, da hawan pH. Raunin mitar shi ne ba ta ganin bromid, wani sinadari da shi ma ke shiga cikin haɗuwar THM, kuma ƙarfe a ruwa na iya ruɗa ta.

Na'urar TOC, mai auna jimillar kabon ɗin da ke cikin irin wancan datti, tana da kyau, sai tsada da lallaɓawa. Manhajojin hasashe kuwa, wadda aka gina da bayanan wani kogi ba lallai ta yi aiki a naka ba. Gwajin lab da GC, na'urar da ke auna THM ɗin kansa, shi ne alƙali, ka riƙa aikawa lokaci-lokaci kana gwadawa da lambobin mitarka.

Yanzu ga inda nake son ka buɗe kunne. Wani dila ya taɓa sayar min da mita, fitilarta ta mutu, wayarsa ma ta mutu, babu inda ake samun wata fitilar. Saboda haka kafin ka biya, tambayi fitila, tambayi ruwan saita na'ura, kuma kwalbar ta zama ta kwaz, wato gilashi na musamman da ke barin wannan hasken ya wuce, gilashin banza shanye hasken yake yi. Masu tallan mitar TDS suna cewa tana gano sinadaran kulorin, wallahi ƙarya ce, gishirin da ya narke kawai take ƙiyastawa. Kit ɗin DPD mai rikiɗa ruwa ya koma ruwan hoda shi ma ragowar kulorin yake nunawa, ba THM ba. Mafi muni masu tsoma sandunan ƙarfe a kofi su jona wuta ruwa ya koma ja-ja, su ce ga guba nan, alhali ƙarfen nasu ne ke narkewa. Kuma duk wanda ya ce ka rage kulorin har ruwa ya fita babu ragowa don gudun THM, kar ka saurare shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce ba a sassauta kashe ƙwayoyin cuta saboda wannan.