Gargaɗi ga masu shirin fara wasan LARP: ku kula da mai tallar "cikakken kayan fara wasa"

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman ɗalibai da ma'aikatanmu da ke zaune a Jamus, Ingila, Kanada da Amurka. Akwai wata damfara da ke yawo a zaurukan Facebook da Discord na masu wasan LARP, kuma ba kowa take ci ba sai sabon shiga. Ta faɗa kan wani yaronmu ɗalibi da muke gari ɗaya a nan Jamus, ta cinye kuɗin da ya tara da aikin dakon kaya a sito lokacin hutu. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, shi ya sa na ga shiru bai kamace ni ba.

Ga wanda bai san wasan ba, wasan kwaikwayo ne da babu 'yan kallo, babu kuma rubutaccen zancen da za ka haddace. Masu shiryawa sukan tsara wata duniya ta almara mai masarautu da dodanni da matsafa. Kowa ya zaɓi wanda zai zama, mayaƙi ko mai magani ko falke ko magatakarda, ya sa tufafin da suka dace, a shiga daji ko fili a yi kwanaki ana rayuwa cikin labarin. Faɗan da takubban soso ake yi, tsafin kuma faɗa ne kawai da baki bisa ƙa'idar wasa. Abin ya daɗe. Ƙungiyar Dagorhir ta fara a yankin birnin Washington na Amurka a 1977, ta Treasure Trap ta buɗe a fadar Peckforton da ke Ingila a 1982, Amtgard kuma a El Paso ta jihar Texas a 1983. Yau taron ConQuest na ƙauyen Brokeloh a Jamus dubban mutane yake tarawa duk lokacin zafi, Empire a Ingila sau 4 ake yinsa a shekara, a Bicolline ta Kebek da ke Kanada kuwa gari guda suka gina a daji saboda wasan.

Hotunan irin waɗannan taruka ne ke shirya wa ɗan damfara hanya, ba da laifin masu taron ba. Sabon shiga zai ga mutum cikin sulke da kwalkwali da alkyabba har ƙasa, sai ya ɗauka dole haka zai bayyana tun ranar farko, in ba haka ba a yi masa dariya. Bai san cewa mai sulken nan shekaru ya yi yana tara kayansa ɗaya bayan ɗaya ba. Ya leƙa kantuna ya ga farashi, jikinsa ya yi sanyi. Daga nan sai ya rubuta a zaure cewa shi sabo ne, kuɗinsa kaɗan ne, ta ina zai fara. Amsoshin da ake ba shi a bainar jama'a yawanci na gaskiya ne. Wanda ya biyo shi ta akwatin saƙo a ɓoye, shi ne abin tsoro.

Yaron ya nuna mini hirarsu daga farko har ƙarshe, kuma wallahi mutumin ya iya aikinsa. Bai fara da maganar ciniki ba. Kwanaki ya yi yana ba shi shawara: kada ka zaɓi zama sarki ko babban jarumi a wasanka na farko, ka sayi takalmi mai kyau tun da tafiya za ka sha, ka riƙe ruwan sha. Duk gaskiya ne. Sai da yarda ta zauna sannan ya ce ai shi ma zai bar wasan, ciwon baya ya matsa masa, matarsa kuma ta dame shi ya kwashe tarkacen da ke ɗakin ajiya. Akwai takobi, garkuwa, rigar lifidi, alkyabba, ɗamara, har da tikitin wani babban taro da ba zai samu zuwa ba. Duka Yuro 180. Ya tambayi tsawon yaron, da aka faɗa masa ya ce ai tsawonsu ɗaya, kamar don shi aka ɗinka. Ya ƙara da cewa ba kuɗin ne suka dame shi ba, so yake kayan su faɗa hannun wanda zai more su. Washegari kuma saƙo ya zo cewa wani ya taya, idan ba a biya kafin dare ba zai sallama masa. A tura ta PayPal, amma ta ɓangaren abokai da dangi, wai don kada a cire musu kuɗin caji.

Da na tambaye shi me ya hana shi tuntuɓata kafin ya tura, sai ya ce, "Yaya, kunya na ji. Kuma na ga kamar in na tsaya tambaya wani zai riga ni." Kunyar nan da gaggawar nan, da su mutumin yake cin abinci.

Tikitin jabu ne. Da yaron ya rubuta wa masu taron suka ce babu sunansa a rajista, lambar ma ba tasu ba ce. Hoton kayan da aka turo masa kuwa, da muka sa shi a manhajar binciken hoto ta Google Lens sai ga shi a shafin wani kanti, an dai yanke tambarin da ke gefe. Bayan naci mai yawa wani ƙunshi ya iso daga wata ƙasa daban, ba garin da mutumin ya ce yana zaune ba. Babu garkuwa, babu lifidi, sai wani ƙyalle shara-shara da takobi ɗaya. Daga ranar mutumin ya yi layar zana, asusun ma ya ɓace.

Da yawa ba a turo musu komai, kuma a ganina sun fi wanda aka turo wa takobi sa'a, domin su kuɗi kawai suka rasa. Mun kai takobin wurin atisayen wata ƙaramar ƙungiya, muka miƙa wa matar da ke duba makamai. A ido ba shi da laifi, har da zanen zinariya a marfin hannu. Ta bi kaifin da babban yatsa tana dannawa a hankali daga ƙota zuwa sama, ta murɗa shi kaɗan sai muka ji soson yana motsi daban da sandar ciki. Da ta isa tsinin ta danna sau ɗaya ta tsaya, ta kama yatsan yaron ta ɗora a wurin. Wani abu mai tauri yana tokare da fatar robar, saura ƙiris ya fito. Ta nemi izininsa ta tsaga da wuƙa. Siririn ƙarfe ne a ciki, an yanke bakinsa ba a ko goge ba, babu abin da aka naɗe shi da shi. Ta ce da ya shiga faɗa da wannan, fuskar wani ce za ta biya.

Takobin wasa na gaskiya sandar cikinsa ta zaren gilashi ce ko ta zaren kabon, mai ɗan lanƙwasuwa, ba ƙarfe ba kuma ba katako ba. Ana lulluɓe ta da soso mai kauri wanda aka manne sosai, sandar ta ƙare tun kafin a kai tsini, a naɗe bakinta da ƙyalle mai ƙarfi ko fata don kada ta huda, sannan a shafe waje da ruwan roba. Wasu kamfanoni, irin Calimacil ta Kanada, zuba soson suke yi a mazubi ba tare da shafen robar ba. Kan kibiya ma faffaɗan soso ne da ya fi ramin ido girma, kuma a Ingila yawancin taruka ba sa barin bakan da ƙarfin jansa ya wuce laba 30. Taruka da yawa suna da masu duba makamai kafin a fara, abin da suka ƙi kuma ya ƙiyu, ko nawa ka saye shi. Takubban ado da ake yi don ɗaukar hoto suna kama da na wasa a hoto, amma ba don dukan mutum aka yi su ba, kuma su ne 'yan damfarar ke saye da araha su turo. Ko takobin gwanjo na gaskiya sai ka taɓa shi da hannunka, domin robar tana tsagewa in ta sha rana da zafi, manne kuma yana saki in ya tsufa. Sayen makami ta hoto cinikin biri a sama ne.

Abin da na fi so sabon shiga ya ji shi ne: ba ka buƙatar cikakken kaya don ka fara. Ƙaryar da duk damfarar ta tsaya a kanta ke nan. Riga mai faɗi marar rubutu da tambari, wando baƙi ko ruwan ƙasa, ɗamara, takalmi mai ƙwari, sun isa wasan farko a mafi yawan wurare. Ƙungiyoyin Amtgard da Dagorhir a Amurka a filayen shaƙatawa suke haɗuwa, yawanci kyauta, kuma sukan ba baƙo aron makami. A Ingila ƙananan ƙungiyoyi da yawa suna neman masu fitowa a matsayin dodanni da abokan gaba, su ba ka abin rufe fuska da makami, kuɗin shiga kaɗan ko babu. A Jamus tikitin masu taka irin wannan rawa, waɗanda ake kira NSC, ya fi na sauran 'yan wasa sauƙi. A nan ne ma za ka koyi yadda ake sassauta duka, ka riƙe takubba iri-iri ka san wanda ya zauna maka a hannu. Manyan taruka kuma suna da layin 'yan kasuwa, ka ɗauka ka juya ka kai wa mai dubawa kafin ka biya. In kana son sanin farashin gaskiya ka duba kantunan da aka sani, irin Mytholon ta Jamus ko masu sayar da kayan Epic Armoury ta Denmak. Da ka ga abin da takobi ɗaya da garkuwa ɗaya suke kamawa, kai da kanka za ka san banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ba ina cewa kada a sayi gwanjo ba ne. Masu wasan nan suna sayar wa juna kaya kullum, kuma galibinsu mutanen kirki ne. Mai gaskiya dai ba ya jin haushin tambaya. Ka ce ya ɗauki sabon hoton kayan da takarda a gefe mai ɗauke da sunanka da kwanan wata. Ka tambaye shi a wace ƙungiya yake wasa, sannan ka tambayi ƙungiyar ko sun san shi, domin harkar ƙarama ce, wanda ya yi shekaru a ciki ba ya rasa mai shaidarsa. Ka ce ku haɗu a taro na gaba ku yi hannu da hannu. Tikiti kuwa kada ka yarda da hoto ko takardar PDF. Ka rubuta wa masu taron ta adireshin da ke shafinsu, ba wanda mai sayarwa ya ba ka ba, ka tambayi yadda ake mayar da tikiti sunan wani, kuma kada kuɗi su bar hannunka sai sun tabbatar.

Hanyar biya ita ce ke raba gardama. A PayPal kariyar mai saye tana aiki ne idan ka biya ta ɓangaren kaya da hidima, in kayan ba su iso ba kana da kwana 180 ka shigar da ƙorafi. Ta ɓangaren abokai da dangi kyauta ka yi, babu mai dawo maka da ita. Ka ce kai za ka ɗauki cajin, 'yan Yuro ne kaɗan. In ya ƙi, hira ta ƙare. Haka wanda ya ce a biya shi da katin kyauta na Amazon ko da kirifto. Tun Oktoban 2025 bankunan ƙasashen Yuro suna gwada sunan mai karɓa da lambar asusunsa ta IBAN kafin kuɗi su fita, to in bankinka ya ce sunan bai dace ba, kada ka saurari bayanin cewa asusun matarsa ne. A Birtaniya, abin da ya haura fam 100 in ka biya kanti kai tsaye da katin bashi, sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 ya ɗora wa kamfanin katin alhaki tare da mai kantin. Kantin intanet na Jamus kuwa dole ne ya nuna Impressum, wato shafin bayanin mai kanti mai ɗauke da suna da adireshi, kuma ƙungiyar kare masu saye ta Verbraucherzentrale tana da Fakeshop-Finder inda za ka saka adireshin shafi a duba maka. 'Yancin mayar da kaya cikin kwana 14 na Tarayyar Turai tsakaninka da kanti ne, bai shafi ciniki da mutum ɗaiɗai ba, bai kuma shafi tikitin taro mai tsayayyar rana ba.

Akwai wani reshe na abin da ya shafi 'yan uwa na gida. Na ga talla a WhatsApp da Hausa tsantsa, wani yana cewa zai samo takardar gayyata zuwa "bikin wasan gargajiyar Turawa" a shiga Turai da ita, yana ta "ƙanena, wannan hanyar ba a gano ta ba tukuna". Tikitin wasa ba biza ba ne, kuma kowa na iya sayensa da kansa ba tare da dillali ba. Ofishin jakadanci kuɗin asusunka da dalilin komawarka gida yake dubawa. Kuɗin bizar Schengen ga babba Yuro 90 ne, a ofishin jakadanci ko cibiyar da suka wakilta ake biya. Takardar bogi kuma sunanka take ɓatawa, ba na dillalin ba. A Birtaniya ƙarya a takardar neman biza tana iya jawo haramcin shekara 10.

In har ka riga ka tura kuɗi, kada kunya ta zaunar da kai. Ka ɗauki hoton hirar gaba ɗaya da sunan asusun da shaidar biya tun kafin ya goge. Ka kira bankinka a ranar, domin damar tare kuɗin raguwa take yi da kowace sa'a. Ka kai rahoto ga 'yan sanda: a Jamus ana yi ta Onlinewache ta jiharka, a Amurka ta shafin IC3 na FBI, a Najeriya kuma akwai EFCC. In wani ya biyo ka daga baya yana cewa zai ƙwato maka kuɗin in ka biya shi wani abu, shi ma cikinsu yake. In takobi ya iso maka, kada ka sayar wa wani don rage asara, ka tsaga shi ka zubar. Sannan ka tura wa shugabannin zauren hotunan hirar bayan ka rufe adireshinka da lambar wayarka, su kafe sanarwa a sama, domin mutumin suna da hoto kawai yake canzawa, labarin ciwon bayan da na ɗakin ajiyar yana nan yadda yake.